Abin da Na Tarar a Cikin Akwatin Oga Talle

Zuwa ga yayana Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, tare da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Ni ne Sani, ƙanenka mai gyaran rediyo a bayan kasuwar Haɗeja. Na san takarda ba ta zuwa inda kake, shi ya sa na rubuta a shafina inda mutanen gari za su gani. Kuma so nake su gani ɗin, don akwai abin da na gano bayan rasuwarka, wata bakwai ke nan yana ci na.

Wasu masu karantawa ba su san ka ba, to bari in tuna maka kanka su ji. Kai kaɗai ne a ƙasar nan kake kwantar da jita a cinya, ka ɗauki guntun ƙarfen babur kana jan sa a kan tsirkiya har ta riƙa kuka kamar kukuma. Shekara goma sha ɗaya ka yi a ƙungiyar kiɗan Oga Talle, kuna zaga bukukuwan aure daga Malam Madori zuwa Auyo har ƙauyukan Kirikasamma.

Jitar nan taka ba a jin ta sai an haɗa ta da lasifika, lasifikar kuwa ta Oga Talle ce. Ka tuna da ita ai: baƙin akwati mai kai mini ƙirji, amfilifaya mai ƙara ƙarfin murya a sama, ƙafafun ƙarfe a ƙasa. Dokar ƙungiyarku ita ce kowa ya ɗauki abin da yake kiɗa da shi, saboda haka akwatin ya zama naka. Da rani da sauƙi, mota tana kai ku har ƙofar gidan biki. Da damina kuwa mota ta tsaya, babur ya ɗauka, babur ya tsaya, kwale-kwale ya ɗauka, inda kwale-kwale ya ƙi shiga sai ka naɗa gammo a ɗora maka, ka ratsa fadama ruwa iya cinya.

Ka san halinmu mu mutanen nan. Ko kwaɗon ƙofa za mu saya sai mun jinjina shi a hannu, in da nauyi mu ce mai kyau ne, in babu mu ce jabu. Oga Talle ya san wannan sarai. Kuna isa ƙauye sai ya ce ka sauke akwatin a tsakiyar fili, majiya ƙarfi su zo su gwada ɗagawa, mutum biyu su kasa. Shi kuma ya gyara hula yana cewa, "Kayan gaske nauyi gare shi, mara nauyi na 'yan koyo ne." Kai kana gefe kana murza wuya.

Sau nawa na ce maka ka bari in haɗa maka ƙarama? Kullum amsarka ɗaya ce: "Oga ba zai yarda ba, Sani, ka bar maganar." Rana ɗaya ka yi ƙarfin hali ka tambaye shi. A gaban jama'a ya ce in ka gaji ka koma gida ka ɗaura zane. Ka dawo kana ba ni labari kana dariya, ni kuwa ranar ko abinci ban iya ci ba.

Sai ranar biki a wani ƙauye bayan Auyo. Ƙafarka ta nutse a taɓo, akwatin ya karkata, maimakon ka sake shi ya faɗa ruwa sai ka murɗa jiki ka tare shi. Ka ce mini ka ji abu ya ce ƙas a bayanka. Duk da haka ka yi kiɗan har aka tashi. Washegari ƙafafunka suka ƙi ɗaukar ka.

Shekara biyu kana kwance, Yaya. Ni nake juya ka, ni nake yi maka wanka, Inna tana tsaye a bakin ƙofa da buta tana ɓoye fuska. Oga Talle sau ɗaya ya zo. Ko takalmi bai cire ba. Daga bakin ƙofa ya ce sannu, sannan ya tambayi inda guntun ƙarfenka yake, wai ya ɗauki wani Isiyaku a madadinka. Ka laluba ƙarƙashin matashi ka miƙa masa, har da ce masa Allah Ya ba da sa'a.

To ga abin da ba ka sani ba.

Bayan arba'in ɗinka akwatin ya daina magana. Oga Talle ya yi tafiya, shi kuma Isiyaku bai san cewa ba a taɓa barin kowa ya buɗe shi ba, sai ya turo mini shi shago a kura. Na kwance bayan. Lasifika ɗaya ce a ciki, da amfilifaya da ɗan wayoyi, duka zan iya rungumar su da hannu ɗaya. Na rasa inda nauyin yake. Sai na ga wani katako an buge shi da ƙusa a ƙasa. Na ɓanɓare.

Bulo biyu, Yaya. Bulon siminti irin na gini, an naɗe su da buhu don kada su yi motsi, an ɗaure da waya. Buhun har ya ruɓe saboda daɗewa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Zama na yi a ƙasa daɓas. Abin da ka ratsa fadama da shi ke nan shekara goma sha ɗaya. Abin da ka ƙi bari ya faɗa ruwa ke nan. Na ɗaga kai na ga Isiyaku tsaye, hannunsa dafe da ƙugu, irin tsayuwar da kake yi a shekararka ta biyu a ƙungiyar. Magidanci ne, 'ya'yansa huɗu.

Na gyara wayar da ta tsinke, na mayar da bulon yadda na same su, na buge katakon. Sannan na ce a raina, wallahi ba wanda zai sake ɗaukar masa wannan akwati.

Aikin da ka hana ni shi na zauna na yi, kuma bai zo da sauƙi ba. Jita irin taka ba ta son dattin murya. Amfilifayar farko da na gwada ƙarama ce sosai, ana jan ƙarfe sama sai muryar ta dishe. Na ajiye ta. Ta biyu muryarta fes, amma sai da janareta, to me aka yi ke nan? Ta uku ce ta zauna: faɗinta kamar tafin hannu, tana aiki da batirin sola, ba ta zafi. Lasifika kuwa na zaɓi mai inci goma mai ƙaramin maganaɗisu, don mai inci takwas tana shaƙewa a babbar tsirkiya. Na'urorin nan uku da kake takawa da ƙafa don murya ta yi amsa-kuwa, na samo guda ɗaya da ke yin aikinsu duka. Na sa kafinta ya yi akwatin da fallen katako mara kauri, na sa masa maratayi. Isiyaku ya ɗaga shi da yatsa biyu ya tsaya yana kallo na.

Ranar da ya fara fita da shi mutane sun yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Wani ya jinjina ya ce ko abincin rana ne a ciki. Da ya ja ƙarfen nan naka a kan tsirkiya, mata daga cikin gida suka fito ƙofa. Sati biyu tsakani ya bar Oga Talle. Mai ganga ya bi shi. Mai fiyano ya zo da kansa ya ce in haɗa masa irinsa. Yanzu su uku babur biyu ya ishe su, kwale-kwale ɗaya, kuma suna shiga ƙauyukan da ko a zamaninka ba ku taɓa kaiwa da damina ba.

Ni kuma ban rufe baki ba. Duk wanda ya kawo mini rediyo sai ya tafi da labarin bulo. Magana ta kai wa Oga Talle, ya zo majalisar bakin kasuwa ya rantse cewa ƙarya nake yi, wai nauyin maganaɗisu ne, wai baƙin cikin mutuwar wana ne ya taɓa ni. Ya sa kwaɗo a bayan akwatin.

Ka ga inda ya kama kansa? Yanzu duk inda ya sauke akwatin sai mutane sun zo sun jinjina, ba don sha'awa ba, don su ji ko ya rage nauyi. Ranar da ya cire bulon, ranar gari zai san wanda ya yi rantsuwar ƙarya. Ba zai iya cirewa ba. 'Yan dako kuma sun ƙi taɓawa, sun ce su ma suna da iyali.

Asabar da ta wuce na je Auyo kai wani aiki, na tarar da Oga Talle a bakin fadama shi kaɗai da akwatin. Ya samu wani ɗan biki da ya rage masa. Ya cire hula, ya naɗa rawani ya yi gammo, ya durƙusa. Sau uku yana ɗagawa yana saukewa. A na huɗu ya miƙe da shi, ya shiga ruwa. Ya waigo ya gan ni a kan babur, muka haɗa ido. Na kashe babur ɗin don in kalla da kyau.

Na san ka, Yaya. Da kai ne da ka sauka ka kama masa, ka kuma yi mini faɗa a hanya. Ka yi haƙuri, ni ban gado wannan zuciyar ba. Kai ka yafe masa ciwon baya, amma ba ka san da bulo ba lokacin da ka yafe. Ni da na gani da idona ban yafe ba, kuma ba na jin zan iya.

Ya Allah, Ka ji ƙan Habu. Ka sauke masa duk wani nauyi, Ka miƙar masa da bayansa, Ka tashe shi da ƙafafunsa lafiya. Ka ba Inna haƙuri. Shi kuwa wancan, ya Allah, ba na roƙon Ka kashe shi. Ka ba shi tsawon rai, Ka kuma ba shi bukukuwa da yawa a hayin ruwa.

Naka har mu haɗu,
Sani.