Bulona Ya Faɗi, Wainar Babarki Ta Ci

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya maigidanki da 'yar amaryata Ummi? Da fatan haƙoran sun fito lafiya. Mu nan Kurudu sai godiya.

Kin san tun azumi ban yi cinikin bulo na kirki ba, ga kuɗin haya ya matso. To, babban kamfanin da ke gine-gine a bayanmu ya ce zai riƙa sayen kaya wurin ƙananan 'yan kasuwa. Na ɗauki bulo biyu, babarki ta cika mini kula da waina, don ba a zuwa wurin manya hannu rabbana.

Da na je, injiniyan kamfanin ya ɗaga bulona ya saki, ya tarwatse kamar garin kwaki. Na miƙa kular ko zai sassauta. Ya ce, "Baba, a nan ba ma karɓar kyauta, sai dai mu saya." Ya saya, ya ci, ya kira leburori.

Yanzu babarki ce ke ciyar da ma'aikatansu. Ni ne mai tura mata baron abincin, da hular kwano a kan hulata zanna. Jiya na makara, ta ce, "Malam, masu neman aikin nan suna da yawa fa."

Ki gaishe da surukanki. Ki taya mu addu'a kwangilar ta ɗore, kuma kada oga ta sallame ni.

Babanki,
Sule mai bulo, a da