Kwalaben Shekarar Haihuwarka

Ettore! Kai Ettore, da kai nake, ko a Melbourne ɗin nan kunne ma toshewa yake yi?

To, bari dai in gaishe ka tukuna. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Giada da jikata da har yau a waya kawai na san fuskarta. Allah ya tsare min ku. Mu nan kalau, sai gwiwar nan tawa. Ƙanwarka Nives ta koma aiki, inabin gonar tudu kuma ya yi kyau bana, saura sati uku a fara yanka.

Yanzu ka saurara. Na ga saƙonka, wai kada kowa ya taɓa jar giyar da babanka ya ajiye shekarar da aka haife ka, wai sai ta ƙara shekara biyar, wai ka karanta a wani wuri. Ka karanta! Shekara talatin da takwas ni ke sauka ɗakin ƙasa da wannan gwiwar ina duba kwalabe shidan nan, suna kwance cikin sanyi da duhu, ko ƙurar jikinsu ban bari an share ba. Sai kai daga bayan duniya za ka gaya min abin da ke cikinsu?

To na buɗe ɗaya ranar Lahadi. Eh, na buɗe, yi fushin. Baffanka Oreste ne ya cire matoshin, saura kaɗan ya marmashe masa a hannu. Ya tsiyaye a hankali ya bar lakar a gindi, ya ɗaga kofin saitin taga, gefen giyar duk ya koma launin jan bulo. Ya shinshina, ya kurɓa, ya yi shiru har na tambaye shi ko mutuwa ya yi a tsaye. Ya ce in rufe masa baki, tsohuwar banza, yana sauraron ɗan'uwansa, wato babanka, a cikin giyar. Can ya ce baurin duk ya kwanta, ƙamshin busasshen fure da jiƙaƙƙiyar ƙasa na nan, amma ta gama hawa, gangara ta fara. Bana ne ko babu. Ni ma na kurɓa, kuma ba sai Oreste ya gaya min ba.

Halin gidanku ne ai. Haka babanka ya riƙe giyar kakanka. Kirsimeti ya ce ba ta yi ba, bikin Nives ya ce ba ta yi ba. Ranar da ya ga dama ya buɗe, ta riga ta mutu, a tukunyar naman zomo na juye ta. Taka kuma ko ɗigo bai ɗanɗana ba aka kai shi kabari, yana jiran lokaci. Yanzu kai ma ka ɗauko. Shekarata saba'in da huɗu, Ettore. Wa ya ce maka ina da biyar ɗin nan?

Saura kwalba biyar. Biyu na ware maka har a gama yankan inabi. In ka zo, mu sha tare a teburin ubanka. In ba ka zo ba, kada in ji bakinka. Sauran ukun kam ba na jiran kowa.

Ka gaida Giada, ka sumbatar min yarinya. Nives na gaishe ka, ita ma haushinka take ji. Kuma kada ka sake rubuto min wai ka karan

Tsaya, ana buga ƙofa. Piera ce maƙwabciyata, ta kawo cuku, na ce mata yau za mu buɗe ta biyu. Ina zuwa, Piera, kar ki ɓalle min ƙofa!

Mamarka,
Adelina