Ful Ɗin da Riskuwa Ke Bugawa

Gesse, Birnin Kebbi
Litinin

Zuwa ga Yayana, Malam Abdussamadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali, ina sanar da kai jikina da sauƙi. Hannun dama ne dai har yanzu bai dawo daidai ba tun ciwon nan, yatsu biyu ba su son lanƙwasa. Likita ya ce in riƙa ba su aiki.

Karatun mata yana tafiya, mun kai Tabaraka. Su goma sha huɗu ne yanzu.

Maƙwabciyata Dinatu, wadda ke aikin jinya, ta ga ina ta matsa lemun tsami don motsa yatsu, sai ta ce ga abin da ya fi. Ta koya mini ful. Kullum bayan Azahar nake bugawa. Da farko ci na ake yi, amma jiya na ci sau biyu, na ji daɗi ƙwarai.

A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Riskuwa

Argungu
Laraba

Riskuwa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun Sunusi direba. Na karanta sau uku ko zan ga ba haka kika rubuta ba.

Ful caca ce. Na san shagonsu nan bayan tasha, inda maza ke cika takardu suna jiran ƙwallon Turai. Ban taɓa zaton ɗiyar gidanmu, wadda ta sauke Alƙur'ani a gabana, za ta rubuto mini da hannunta cewa ta ci sau biyu ta ji daɗi ba.

Abin da kika ci ba naki ba ne, ki fitar da shi daga gidanki. Kuma kada ki sake zama gaban matan nan da Alƙur'ani sai mun yi magana. Ni na ba ki izinin karantarwa, ni na dakatar da shi.

Allah ya shirye mu.

Abdussamadu

Gesse
Talata

Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Na bi umarninka. Tun ranar Alhamis na sallami mata, na ce musu akwai uzuri. Ban amsa da wuri ba don ina so in tabbata ba son raina zan kare ba.

Yaya, ban ci komai da za a fitar daga gida ba. Bari in faɗa maka yadda abin yake.

Wata tsohuwar na'ura ce baƙa, ta 'ya'yan Dinatu tun suna firamare, yanzu duk sun yi aure. Ana haɗa ta da talabijin. Sai tebur kore ya fito, da rami shida, da ƙwallaye masu launi awa ƙwan zabi. Hoton ma dushi-dushi ne, Dinatu ta ce na zamanin da ne. Akwai abin riƙewa mai madannai, da shi ake juya sanda a bugi farar ƙwallo, ita kuma ta tura sauran cikin rami. In farar ta faɗa, an yi ɓarna. Baƙa kuwa sai ƙarshe. Ranar farko ita na fara jefawa, na ɗaga kai ina jiran yabo, Dinatu ta ce, "Malama, kin kashe kanki tun ba a fara ba."

Abokin bugun ba mutum ba ne, na'urar ce. Ba ya gajiya, ba ya jin kunyar tsohuwa. Akwai kiɗa a ciki, na sa an kashe shi tun ranar. Babban yatsa ne ke shan aiki, kuma shi nake nema.

Da na karanta wa Dinatu takardarka, ta riƙe baki. Ta ce sunan ne ɗaya, wancan na takarda daban, wanga daban. Ni ban ma san da wancan ba.

Amma akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ne ya dame ni. Ranar da na ci sau biyu, an kira La'asar saura ƙwallo ɗaya. Ban tashi ba sai da na jefa ta. Lokaci bai fita ba, amma na ji kiran, na zauna. Wannan laifin nawa ne, ba na Dinatu ba.

Na'urar tana cikin kwali. In ka ce in mayar, zan mayar. Matan dai suna aiko tambaya kullum, ban san abin da zan ce musu ba.

Ƙanwarka mai biyayya,
Riskuwa

Argungu
Alhamis

Riskuwa,

Wa alaikumus salam. Na kira Sunusi na tambaye shi. Sai da ya gama dariya tukuna ya ce akwai irin teburin na gaske a bakin kasuwa, matasa na bugawa da sanda.

Ki fitar da ita daga kwali. In an kira salla, ki aje ko saura rabin ƙwallo. Ki yi wa Dinatu godiya, ki ce ina ba ta haƙuri.

Asabar ki koma ga ɗalibanki. In sun tambayi abin da ya hana karatu, kada ki ce uzuri. Ki ce musu malaminki ne ya yanke hukunci bai yi tambaya ba.

Ki yafe mini.

Yayanki,
Abdussamadu