Jan Zare a Jikin Kwat

Zuwa ga rabin raina, sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko bayan dogon fari, mijina kuma telana, wanda ya auna zuciyata sau ɗaya tak bai sake neman tef ba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ƙaunar da ba ta da ma'auni, ina rubuto maka ne daga ɗakin malamai. An tashi yara, na goge allo gugar ƙarshe, na miƙa wa shugaban makaranta makullin kabad ɗina. Saura kwana biyar in hau jirgi zuwa ƙasar da zan shekara ina koyar da Turanci, kuma akwai maganar da bakina ya kasa furta maka. Ni da nake tsayawa gaban yara sittin in yi ta zuba kamar famfo, yau na rasa ta cewa a gaban mutum ɗaya. Maganar idonka ce, masoyina. Na san abin da kake ɓoye mini.

Shekara goma sha ɗaya ina cike takardun neman wannan aiki ana mayar da ni, kai ne kullum mai share mini hawaye. Ranar da amsa ta zo cewa an ɗauke ni, ka fi ni rawar kai, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi. A makon ne ka tafi asibiti kai kaɗai, ka dawo kana murmushi ka ce, "Malama, likita ya ce ciwon ya tsaya cak. Maza haɗa kayanki." Wannan likitan fa shi ne ya gaya mana bara cewa jijiyar idonka tana mutuwa a hankali, magani sai dai ya rage mata sauri. Amma na yarda da kai nan take, ban ko nemi ganin takardar asibitin ba. Na yarda ne don ina son in yarda, kuma wannan shi ne laifina na farko.

Ka tuna yammacin da nake gwada darussana a falo, kai ne ɗalibi? Ka zauna a ƙaramar kujera, gwiwoyinka sun kusa taɓa haɓarka, ka ɗaga hannu ka ce, "Malama, wannan Turancin naki da sauƙi, a ba ni na manya." Da na harare ka sai ka ce a taimaka a bar ka ka fita shan ruwa, tunda malamar ta cika faɗa. Ina ɗaga katunan da na zana wa yaran can, kyanwa, jirgi, lema, kana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, ina tafa maka. Na yi dariya ranar har cikina ya ƙulle. Sai yanzu na tuna kullum a jere ɗaya nake ɗaga su, ban taɓa cakuɗa su ba. Haddacewa ka yi, ko ba haka ba, ɗalibina mai wayo?

Laifina na biyu na aikata shi ranar Asabar. Na ce ba zan tafi in bar shagonka a hargitse ba. Kana can wajen sayen yadi na shiga da tsintsiya da tsumma, na kwashe zaren nan da ka watsa ko'ina, wani a kan taga, wani a rataye jikin ƙusa, wani a cikin tsohon gwangwani. Na jera su tsaf a aljihun tebur, launi bayan launi, na manna wa kowane layi takarda da sunansa kamar yadda nake yi wa kayan aji. A kan taga kuwa na bar guda ɗaya ja, don na ga ya yi kyau a hasken. Na fito ina yaba wa kaina, wai ni mace mai tsari. Ashe abin da na kira hargitsi shi ne idonka. Hannunka ya san baƙi yana jikin ƙusa, fari yana gwangwani, mai ruwan toka yana kan taga. Ni da hannuna na rushe maka taswirar da kake bi.

Jiya ka shigo gida da kwat ɗin da ka yi wata biyu kana ɗinka mini saboda sanyin can. Mai ruwan toka, mai kauri, aljihunta da zurfi don ka san ba na rabo da alli da biro. Ka sa mini ita da kanka, ka daidaita kafaɗun, ka ja da baya ka ce, "Duba bakin hannun nan da kyau, Malama. Zaren ya saje da yadin, ko mai ido huɗu ba zai ga ɗinkin ba." Na duba. Ɗinkin ƙarshe da ka bi ta samanta bayan Asabar ɗin nan ja ne, masoyina. Ja wur, tun daga wuya har ƙasa, layi miƙaƙƙe sumul babu karkata ko ɗaya, don hannunka bai manta komai ba. Na ce maka ta yi kyau, na shige kicin na kunna famfo don kada ka ji kukana.

Yau da safe na tsaya wajen mai gyaran takalman da ke jikin shagonka. Ban gama tambaya ba ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ki yafe mini. Wata huɗu ke nan ni nake zura masa zare a allura kowace safiya, duk wanda ya miƙo mini shi nake zurawa. Rantsar da ni ya yi kada ki sani sai jirginki ya tashi."

Wata huɗu! Haba, abin ƙaunata, wane irin so ne wannan mai yanka mutum ba tare da ya ga wuƙa ba? Wa ya gaya maka burina ya fi idonka nauyi a wurina? Ina gefe ina ta auna akwati a kan sikeli, ina cire littafi ina mayar da takalmi, ina ƙorafin layin ofishin biza da zafin allurar rigakafi, kai kuma duniya tana rufe maka ƙofa a hankali, kana tambayata ko na tuna da safar sanyi. Raina ya ɓaci da kai, ba zan ɓoye ba. Ya fi ɓaci da kaina, ni da nake gane yaron da ba ya ganin allo tun daga kujerar baya, amma na kasa gane mijin da nake cin abinci da shi a faranti ɗaya.

Ba zan yi maka ƙarya kamar yadda ka yi mini ba: ina son tafiyar nan. Ina son ta har cikin ɓargona. Na kira ofishin makarantar can na roƙi a ɗaga mini zuwa baɗi, matar ta ce babu hali, in ban iso ba wata za a ba. Na san a shekaruna wannan ƙofa ba za ta sake buɗewa ba. Amma ba makantarka nake tsoro ba, hasken rayuwata. In duhun ya zo zan zama idonka, in zura maka allura, in faɗa maka launin kowane yadi har ƙarshen numfashina. Abin da yake hana ni sukuni shi ne, idan shekara ɗaya ce ta rage maka ta gani, a kan me za ka ƙarar da ita? A kan kujerata da babu kowa? A kan fuskata a ɗan gilashin waya, wadda ba za ta fi maka hazo ba? In dawo da tsaraba da takardar yabo, in tsaya a gabanka, sai ka shafa fuskata kafin ka san na rame ko na yi ƙiba?

Ka ce kada in damu, Yaya tana nan kusa, za ta riƙa leƙo ka. Na san babbar yayarka ba za ta bar ka da yunwa ba, ita da ta goye ka. Amma in na tambaye ka gaskiyar idonka za ka yi dariya ka ce garau kake, ni kuma zuciyata mai son tafiya za ta sake yarda. Don haka ba zan tambaye ka ba.

Da gangan na rubuta wannan takarda da rubutuna na kullum, ban ƙara girman baƙi ko ɗaya ba, kuma zan ajiye ta a kan keken ɗinkinka. Ka fito da ita bakin ƙofa inda haske ya fi, ka sa tabarau, ka ɗauki duk lokacin da kake so. In da idonka ka kawo wannan layin, to ka taho gida kai kaɗai. Gobe mu je wurin likita tare in ji da kunnena, sannan in tafi da zuciya rabi, in riƙa ƙirga kwanaki har in dawo gare ka.

In kuwa ka kasa, na san mutum ɗaya ce a duniya za ka iya miƙa wa takardar matarka. Yaya, in muryarki ce take karanta wannan, ki yi haƙuri da abin da kika ji na sirrin ƙaninki da matarsa, na san kunya ta gama rufe ki. Zai roƙe ki ki rufa masa asiri. Don girman Allah kada ki yarda. Ki riƙo hannunsa ki kawo mini shi gida, za ku tarar da ƙofa a buɗe. Ba sai kin ce komai ba. In na gan ku ku biyu, zan kwance kayana.

Taka ce ni, a kusa ko a nesa, a haske ko a duhu, har ranar da ƙasa za ta rufe idona,

Malamarka.