Kada Ka Zo Kallon Taimur

Multan, cikin watan Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Sarmad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka gaisuwar 'yar'uwa da ta daɗe ba ta sa ƙanenta a ido ba, tare da addu'ar takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Rubab da autarku Mahnur. Allah ya sa albarka a aikin koyarwar da ya kai ka Toronto, ya kare ku daga sanyin da na ji an ce ya fara kama ku. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarmu Ammi tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce kawai ta matsa mata, yanzu a kan kujera take sallah, amma bakinta bai rage komai ba, jiya ma sai da ta kori mai kawo madara don ta ce ya tsarma ruwa. Maigidana Ikhlaq yana fama da sukarinsa, likita ya hana shi halwa, shi kuma ya mayar da aljihun rigarsa ma'ajiya. Shagufta ta gidan kawu ta sauka lafiya, an samu mace. An gyara rufin ɗakin baya da ke yoyo, bishiyar lemon tsakar gida kuwa bana ta yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Dalilin shi ne a waya kai ne mai magana, ni ce mai cewa to. Tun kana ƙarami haka kake, ba a gama faɗa maka damuwa ka riga ka kawo magani. Wannan karon ina so ka ji ni har ƙarshe, shi ya sa na ba Junaid ɗan wan Ikhlaq ya kawo maka hannu da hannu. Maganar ɗanka Taimur ce. Ni gwaggonsa ce, Fuffo kamar yadda yake kirana, ba uwarsa ba, amma tunda kuka tafi kuka bar shi a hannuna don ya ci gaba da wasan kurket a gida, ni nake ganin tashinsa da kwanciyarsa, kuma akwai abin da ba ya fitowa a hoton waya.

Ranar da aka sa sunansa cikin ƙungiyar yanki ka tuna murnar da muka yi, har Ammi ta sa aka raba zaƙi a layi. Abin da ban gaya maka ba shi ne, a jerin nan babu sunan Dilawar, ɗan Ustad Ghafur tela na bakin kasuwa, yaron da suka tashi tare da Taimur, wanda ya ci burodi a kicin ɗina ya fi a ƙirga. Kowa a garin nan ya san a kakar wasan bara Dilawar ya fi shi tara maki. Tun daga ranar magana ta fara yawo cewa sunanka ne ya ba Taimur gurbin, a shagon aski, a teburin mai shayi, wuraren da hotonka yake manne a bango kana ɗaga sanda sama tun zamanin da kake tauraron kurket. Taimur da kansa ya je ya tambayi mai horar da su ko kai ne ka yi wa wani waya. Mutumin ya rantse masa ba ka kira kowa ba, sannan ya ƙara da cewa ai ba sai ka kira ba. Yaron ya dawo gida da wannan kalma, ya kwana da ita, ya tashi da ita.

Na je wasansa na farko, ni da Ikhlaq. Irin wasan da a da ba ka ganin kowa a filin sai 'yan tsofaffi da masu tallar gyaɗa, amma ranar har da masu ɗaukar hoto na talabijin. Da ya fito da sandarsa aka kira sunansa a lasifika, ba a tsaya nan ba sai da aka haɗa da naka, da tarihin maki ɗarin da ka ci da karyayyen yatsa. Na ga yadda ya tsaya, kafaɗunsa a ɗaure kamar an ɗora masa buhu. Ƙwallon farko ta wuce shi ta tarwatsa sandunan da ke bayansa, aka fitar da shi ba ko maki ɗaya. Tafiyar da ya yi daga tsakiyar fili zuwa ɗakin 'yan wasa ban taɓa ganin hanya mai tsawonta ba. Wani a bayanmu ya ɗaga murya ya ce, "Yaro, koma gida ka turo mana babanka." Wani ya amsa masa da cewa an ba shi sandar gado amma an manta ba a haɗa masa da hannun ba. Aka yi ta dariya. Ikhlaq ya miƙe zai tanka, na riƙe masa riga. Kafin mu iso gida an riga an haɗa hotonka da nasa a waya, kai kana bugu jama'a na tsalle, shi yana tafiya kai a ƙasa, an sa kiɗan ban dariya a kai. Wasa na biyu ma bai daɗe a fili ba.

Daga nan abinci ya fita ransa. In na ajiye masa burodin paratha da safe sai ya gutsura ya ture, ranar wasa kuwa ina jin kakarin amansa daga banɗaki. Saƙonninka na murya suna zuwa kullum, na san da kyakkyawar niyya kake turo su. Amma da za ka ga yadda yake sauraronsu da ka ji wani iri. Miƙewa yake tsaye, ya manna wayar a kunne, kamar ɗalibi a gaban hedimasta. Ina jiyo muryarka kana cewa ƙafar hagu ta makara, gwiwar hannu ta faɗi, kai a shekarunsa ba ka taɓa barin irin wannan ƙwallo ta wuce ba. In ya gama sai ya ɗauki sanda ya tsaya gaban madubin ɗakinka yana kwaikwayon tsayuwarka, har in kira shi sallah bai ji ba.

Ranar wasa na uku ya fita da jakarsa bayan asuba, ya durƙusa Ammi ta shafa masa kai. Hantsi ya yi, Ammi ta zauna gaban talabijin da carbinta, sai ga wayar mai horarwa yana tambayar Ikhlaq ina Taimur, ga shi ana shirin farawa. Sarmad, ba zan iya kwatanta maka abin da ya zo mini a rai ba, kuma ba na so in rubuta shi. Muka ce wa Ammi za mu kasuwa, muka tari riksha mai ƙafa uku. Mun je tashar jirgin ƙasa, mun je tashar mota, mun leƙa asibiti. Ikhlaq yana ta kiran wayar Taimur tana a kashe. Muna tsaye bakin gada ina kallon ruwa, sai matar Ustad Ghafur ta kira ta ce mu zo shago, yaronmu yana can.

Mun same shi zaune a ƙasa a bayan keken ɗinki, leɓensa a fashe, farar rigar wasansa duk jini da zare. Dilawar yana ɗaya kusurwar, ido a kumbure. Ustad ne ya ba mu labari. Wai Taimur ya shigo ya tarar da Dilawar yana guga, ya dire jakar kayan wasa a gabansa, ya ce ya ɗauka ya tafi fili, gurbin nasa ne tun farko, shi zai gaya wa mai horarwa. Dilawar ya ajiye dutsen guga ya dube shi, ya ce, "Ɗan babban gida, wato ubanka ya ba ka, kai kuma ka kawo mini sadaka? Gobe a ce Dilawar ma albarkacin Sarmad Sahib ya ci?" Daga nan hannu ya shiga, sai da maƙwabta suka raba su. Ustad yana ta ba mu haƙuri, ni kuwa kunya ta hana ni kallon idonsa. Da za mu tafi Dilawar ya biyo ni waje yana share hanci, ya ce in yarda da shi ba ya ƙin Taimur. Ya ce a wajen atisaye, in babu mai kallo, masu jifan ƙwallo ba sa son haɗuwa da Taimur, amma da zarar ya ga jama'a sai ya daina buga nasa wasan ya koma neman zama kai ubansa. Ƙungiya ta sanar cewa zazzaɓi ne ya hana shi zuwa, kuma abin da aka gaya maka ke nan. Ba zazzaɓi ba ne.

Na bar shi kwana biyu. Rana ta uku da la'asar na hau rufin soro shanya barkono, na tarar da shi zaune yana kallon tattabarun maƙwabta. Na zauna kusa da shi na ce in ya gaji da kurket ya faɗa, ba sabo ba ne, ga karatu, ga shagon takin Ikhlaq, ni zan tsaya masa a gabanka. Na ɗauka zai ji sanyi. Sai ya kalle ni kamar na ce ya yanke hannunsa. Ya ce shi babu abin da yake so a duniya kamar ƙarar ƙwallo in ta haɗu da tsakiyar sanda. Abin da ke cinsa shi ne bai san ko ya iya ba, domin tun yana yaro babu wanda ya taɓa gaya masa gaskiya. Masu yabonsa kai suke yabo, masu zaginsa kai suke rama wa wani abu. Ya ce, "Fuffo, ba faɗuwar nake tsoro ba. So nake in faɗi sau ɗaya, faɗuwar ta zama tawa ni kaɗai." Na ci gaba da baza barkono ina cewa yajin ne ya shiga mini ido.

Abin da yake so ba babba ba ne. Yana so ya sauka daga ƙungiyar yanki, ya tafi Bahawalpur wurin kawunsa Tanvir, wan Rubab, ya buga wa wata ƙaramar ƙungiyar unguwa har ƙarshen kakar wasa. Can ma za a san ko ɗan wane ne, bai yaudari kansa ba, amma babu talabijin, babu lasifika. In ya tara maki a dawo da shi saboda makin, in bai tara ba ya san matsayinsa. Ya kasa gaya maka, domin duk sanda ya ɗauki waya sai ya tuna yadda kake cewa a gidanmu ba a ja da baya.

Muna cikin haka, shekaranjiya sai ga wasu samari daga wani gidan talabijin da igiyar awo, wai sun zo duba falo, inda za a jera kofunanka da inda za a zaunar da uba da ɗa. A bakinsu na ji cewa ka shirya zuwa a ɓoye wata mai kamawa, ka bayyana a fili ranar wasan ƙarshe don ka ba shi mamaki. Taimur yana tsaye a bakin ƙofa ya ji komai. Ya juya ya shiga ɗaki. Na sallami samarin da shayi na ce sai mun neme su.

Ƙanena, ga roƙona, kuma Allah ya sani ban taɓa zaton hannuna zai rubuta maka irinsa ba. Kada ka zo. Ba yanzu ba, ba don wasan nan ba. Ka janye maganar talabijin, ka bar shi ya tafi Bahawalpur, kada ka kira kowa a can ko da gaisuwa ce, kuma ka ɗan dakata da gyaran ƙafa da gwiwar hannu. Ban yanke wannan ni kaɗai ba. Na zaunar da Ammi na gaya mata komai, har da abin da muka ɓoye mata ranar riksha. Ka san yadda take son ganinka. Ta ja carbinta, sannan ta ce in rubuta maka ka bari sai lokacin mangwaro, in kakar wasa ta ƙare, ka zo ba tare da masu hoto ba. Na ce mata lokacin da nisa, ta ce ta sani, ai ita ta fi kowa sanin shekarunta.

Ba na ce ka yi laifi ba. Da guminka ka yi sunanka, ina nan lokacin da kake tafiya atisaye a ƙafa da takalmin aro, kuma da sunan nan aka rufa wa gidanmu asiri. Ban kuma san ko Taimur zai zama wani abu a kurket ba, wataƙila ya zama, wataƙila ya dawo hannu Rabbana. Abin da na sani shi ne na tsaya a bakin gada ina kallon ruwa saboda ɗanka, kuma ba na fatan in sake.

Ka gaishe mini da Rubab, ka ba ta takardar nan ta karanta, uwa ce, tana da haƙƙin sani. Ka shafa mini kan Mahnur, ka ce gyalen da na saƙa mata yana cikin kayan Junaid. Ammi tana sa muku albarka, Ikhlaq yana gaisuwa, haka Shagufta da mijinta da mutanen gidan kawu. Taimur ya san ina rubuta maka. Na tambaye shi ko yana da saƙo, ya daɗe yana murza yatsunsa, sannan ya ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko kai ma ka taɓa jin tsoro kafin ka shiga fili. Ni na san amsar, amma ba daga bakina ya kamata ya ji ta ba. Ka kira shi, Sarmad, ka gaya masa gaskiya.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Nuzhat