Alkunyar Inno da Tsare Ɗanta Abdulhakim

Daga: Daudu Hamma Tsaskiya,
Matsugunin 'yan gudun hijira na bayan kasuwa, Batsari.
4 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Jami'i,
Shirin Komawa Gida, Shiyyar Batsari da Safana.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARE ABDULHAKIM BASHIR A SANSANIN TUBABBU BISA KUSKURE

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira, ni mai suna a sama, manomi kuma makiyayi, ina gabatar da kukana a kan ɗan yayata, Abdulhakim Bashir. Sunan yayar tawa Inno. Mijinta yana cikin waɗanda aka kashe bara, ranar da 'yan bindiga suka tashi rugarmu da ke kusa da Tsaskiya, muka taho Batsari da kayan jikinmu kawai.

1. Shirinku ya zo da ƙa'ida cewa kafin a mayar da iyali gida, duk saurayi sai uwa ko uba ya tsaya gaban jami'ai ya ce nasa ne, ya kuma faɗi sunansa. Wanda ba a tsaya masa ba, sai a ɗauka cewa daga daji ya sulalo ya saje da jama'a, a wuce da shi sansanin tubabbun 'yan bindiga. Ban ƙi wannan ƙa'ida ba. Mu da aka kora mun fi kowa son a tace.

2. Ranar 17 ga Yuni aka yi tantancewar, ina Katsina jinyar matata. Aka tsayar da Abdulhakim gaban mahaifiyarsa cikin taro, ga surukanta maza a zaune, aka tambaye ta ko ɗanta ne, kuma yaya sunansa. Yallaɓai, Abdulhakim ɗan fari ne. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta cewa nata ne. Inno ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kau da kai, ta ce na mutane ne. Abin da take faɗa ke nan tun ranar da ta haife shi, kuma babu macen da ke wurin da ba ta san ma'anarsa ba. Mata suka ɗauki magana, aka tsawatar musu. Sai jami'in da ke tambayar ya ɗauki lasifika ya sake tambaya, wai ko ba ta ji ba. Ta ji sarai. Lasifikar ce ma ta ƙara rufe mata baki. Shi kuwa Abdulhakim ya sunkuyar da kai, don bai iya ƙaryata uwarsa a bainar jama'a ba. Haka aka sa shi a bayan a-kori-kura tana tsaye.

3. Da jami'in baƙo ne daga nesa, da na yi masa uzuri. Amma an shaida mini Hausarsa irin tamu ce, har yana tsokanar tsofaffi. Ba na jin a gidansu aka rasa kakar da ta yi alkunya. Agogo yake ta dubawa, yana son barin gari kafin la'asar saboda halin da hanya ke ciki. Tsoron hanya ba laifi ba ne, mu ma muna ji. Sai dai shi ya isa gida lafiya, namu bai dawo ba.

4. Ranar 23 ga Yuni na je ofishinku na ce ni ne kawunsa, a hannuna ya koyi riƙon garma. Aka ce babu kawu a cikin ƙa'ida. Na koma da mai unguwarmu da limami, aka ba su kujera da ruwa, aka ce magana ta riga ta wuce sama.

5. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni. An sanar cewa ranar 21 ga Agusta za a yi bikin yaye tubabbu, a nuna su a talabijin, a ba kowa keken ɗinki. Yallaɓai ya san ƙasar nan. Matashi Bafulatani da aka nuna fuskarsa da sunan tubabben ɗan bindiga ba zai ƙara cin kasuwar Runka ba. Mutanen da aka kashe wa 'yan uwa ba za su tsaya jin bayani ba, na daji kuma za su ce ya tona musu asiri. Wanda bai taɓa riƙe abin da ya wuce sanda ba, yanzu kwano ɗaya yake ci da irin waɗanda suka mayar da shi maraya, kuma za a ba shi takardar shaida cewa ya tuba. Ya tuba daga me? Wallahi raina ya ɓaci, ina neman afuwa idan alƙalamina ya yi kaushi.

6. Inno ta daina cin abinci. Ba ta kuka a gaban mutane, domin yi wa ɗan fari kuka ma abin kunya ne. Tana dai zaune tana ramewa, tana cewa ita ta ba da shi da bakinta.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya ba da umarni a cire Abdulhakim daga cikin waɗanda za a yaye, a karɓi shaidar kawu da mai unguwa a irin wannan hali, a kuma riƙa tambayar mata a keɓe, mace ta tambayi mace.

Idan kuwa ƙa'ida ba za ta tanƙwaru ba, Inno ta aiko ni in ce a sake tambayarta. Ta ce a tara duk wanda za a tara, za ta buɗe fuska ta faɗi sunan. Roƙona kawai a yi kafin ranar 21 ga wata, domin bayan nan ko ta kira shi ba lallai a sami mai amsawa ba.

Allah ya ja zamanin Yallaɓai, ya sa a dubi kukanmu da idon rahama.

Naka mai biyayya,
Daudu Hamma Tsaskiya
(Kawun Abdulhakim Bashir)