Buhu Bakwai na Mika'ilu

Asabar, 1 ga Yuni, 2024

An yi sadakar arba'in, an raba gado. Yaya Muhammadu Sani, wan maigidana, ya ɗauki gona da babur. Faya-fayan sidi kuwa ba wanda ya ko kalle su, sai aka tura su cikin rabona, wai ai ni na san kansu. Buhu bakwai! An kwaso su daga shagonsa na Gezawa an jibge mini a ɗaki, ga ni cikin takaba, ko zaure ba na leƙawa. Da ma ɗakin ɗan ƙarami ne, yanzu sai na karkace nake isa gado.

Daga bayan labule Yaya ya ce in tsince na Alƙur'ani da wa'azi a kai masallaci, sauran a cinna musu wuta. Ranar da na fita takaba yana son ɗakinsa, da ma gidan nasa ne, zai zuba hatsi.

Mika'ilu. Shekara goma sha tara ban kira sunan nan da bakina ba, yau ga shi na rubuta.

Talata, 4 ga Yuni

Kwando uku na ajiye. Na karatu, na fim da waƙa, sai na biki. Na bikin su ne matsala. Da can ni ke shiga cikin mata da kyamara, wurin kamu da sa lalle, inda namiji ba ya shiga. Shi kuma ya juye a faifai, ya ba amarya ɗaya ya ajiye ɗaya. In yana juyewa, fuskar talabijin yake juyawa bango. Har tsiya nake masa.

Ba wuta tun azumi, mai kuwa ba ma a maganarsa. Ƙaramar dibidi mai batir nake dasawa a sola, in rana ta yi kirki in samu awa biyu. Rabin faya-fayan ba rubutu a kansu. Yaushe zan gama?

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Daga ɗaki na ji kabbarori. Hadari ya hana caji.

Laraba, 26 ga Yuni

Zulaihatu ta kira. Ƙanwata ba ta da magana sai ta Rijiyar Zaki: ta gyara mini ɗaki, akwai makarantar da ke neman malamar yara. Wallahi da da hali yau zan bi ta ko da ƙafa. Na tsani warin robar nan. Na tsani buhunan, na tsani rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Mutum ya tafi ya bar ni da sharar shekara ashirin, ko ɗa ɗaya ba mu da shi da zai taya ni.

Astagfirullah. Allah ya jiƙansa.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na gaji da kallo ɗaya-ɗaya. Duk wanda na ga ya rubuta "wa'azi" a kai da jar maka, alƙalamin nan mai kauri, na watsa a buhu ban saka ba. Sun fi ɗari uku. An kai ƙofar Liman ɗazu. Ɗakin har ya ɗan sha iska.

Asabar, 13 ga Yuli

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi ɓarna.

Jiya bayan Juma'a dattawa suka zauna a ƙofar Liman, aka kawo talabijin ɗin Islamiyya a ji wa'azi. Faifan farko da aka saka, sai ga kiɗan ƙwarya. Sai ga Fadima, matar Ladan, kai ba ɗankwali, ta ci ɗamara da shi tana juyi a tsakiyar mata. Bikin ƙanwarta ne, shekara goma sha biyar da suka wuce. Ladan yana zaune a wurin. Kafin a lalubo makunni kowa ya gani.

Ashe jar makar nan dabara ce. Na mata yake rubuta wa "wa'azi" da ja, don samarin da ke cika masa shago kada su yi sha'awar sakawa. Na ainihin wa'azin da baƙi yake rubuta su. Bai taɓa faɗa mini ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Shi ya rufa musu asiri shekara da shekaru, ni na kwashe na kai majalisa da hannuna.

Ladan ya ce Fadima ta je gida sai ya neme ta.

Lahadi, 14 ga Yuli

An dawo da buhun. Yaya ya tsaya a tsakar gida yana faɗa, wai abin kunya ya ishe shi, gobe za a fito da su duka a ƙone. Ni ma na so hakan, in huta.

Litinin, 15 ga Yuli

Fadima ta shigo da hantsi, ko zama ba ta yi ba. Na durƙusa zan ba ta haƙuri ta ce in tashi, ba wannan ya kawo ta ba.

"Huseina, akwai wani?"

Na ce wane?

"Irin na bikin Asama'u. Ladan ya karya wancan a gaban mutane, ya jefa a kwata."

Asama'u ita ce amaryar, ta rasu wurin haihuwar fari. Nasu faifan ya daɗe da karcewa. Fadima ta ce ko hotonta ɗaya ba su da shi, kuma ba ta san Mika'ilu ya ajiye ba sai ranar da aka karya. "Korar ba ta dame ni ba, zai huce. Amma a ce maza arba'in sun ga ƙanwata tana dariya, ni ban gani ba?"

Mun zazzage jajayen duka a tabarma har azahar. Babu. Ɗaya ne tak.

Ta tafi, Yaya ya aiko a fito da buhuna. Na ce a gaya masa rabona ne, kuma suna ƙarƙashin gadona. Mai son su ya shigo ɗakin mai takaba ya ɗauka. Ba wanda ya shigo.

Litinin, 22 ga Yuli

Na fim da waƙa na ba Yaya, ya ƙona ya ji daɗi. Na baƙar maka sun tafi masallaci, wannan karon sai da na saka kowanne. Saura jajaye da marasa rubutu.

Na samo littafi ina rubutawa: amarya, unguwa, shekara. In na manta fuska, Fadima ta tuna. Kullum tana nan, tana gidan tsohuwarta a maƙwabta, ba abin yi. Bakinta ba ya shiru: wannan ta rasu, wannan tana Rimin Gado, wannan kuwa dubi yadda take siririya kafin ta zama tulu.

Juma'a, 9 ga Agusta

Magana ta bazu. Mata sai sallama suke, wai sun zo gaishe ni. Ƙarya ne, faifai suke nema. Yau mutum tara a ɗakin da ni kaɗai ma ba ya isata. Goggo Kaltume mai ƙosai ta ga mahaifiyarta tana rangaɗa guɗa, ta ce a mayar, aka mayar, har sau biyar, batir ya mutu. Ta naɗe faifan a bakin zane kamar goro.

Ladan ya zo biko. Fadima ta ce masa sai an gama aikin Huseina.

Kwana goma sha bakwai suka rage in fita takaba. Daga ranar ƙofar nan ba ta da mai tsaro.

Talata, 27 ga Agusta

Jiya na fita. Na yi wanka, na sa atamfa, na tsaya a ƙofar gida ina kallon gero ya fi ni tsawo.

Yaya ya karɓi ɗakinsa tun kafin la'asar. Faifai ɗari da tamanin da shida ne ba su isa hannun masu su ba, mun kwashe su a kai ni da Fadima zuwa gidan tsohuwarta.

Zulaihatu ta zo da mota yau. Na loda mata akwati da kwanuka, na ce ta yi gaba, sai bayan kaka. Ta ce makarantar ba za ta jira ni ba. Na ce na sani. Ta dube ni ta dube ni, ta ja ƙofa.

Ba fasa tafiya na yi ba. Kawai dai abin mata ne, ba a ba wa ɗan aike. Gobe da sassafe za mu unguwar masaƙa, faifai huɗu gare su a can, ɗaya ma mai shi ta kwanta ciwo, an ce kada mu makara.